Daga Filin Jega Zuwa Ragar Benfica

Ranar 7 ga Mayu, 2022, a filin Benfica da ke Lisbon, minti casa'in sun cika, alƙalin wasa na ta duban agogo. Sai ga ɗan bayan hagu na Porto ya sheƙo a guje, ya zura ƙwallo a raga. Ci ɗaya mai ban haushi! Da shi Porto ta lashe gasar Fotugal. Sunan yaron Zaidu Sanusi, haifaffen Jega, kuma a Jega United ƙafar nan ta koyi gudu.

Jega United fa! Ƙungiyar da ba ka jin sunanta in ana lissafin su Kano Pillars da Enyimba. To, wa ke riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi? Ku ne. Kai ɗan kasuwar Jega da ke zaro kuɗin mota in za a tafi wasan waje, kai ne. Kai tela da ke ɗinke riga mai lamba tara karo na uku, kai ne. Kai ɗan kabu-kabun Maiyama da ke jingine babur da la'asar ka ɗaura takalmi, da kai manomin albasar Aliero da ka wuni kana ban ruwa amma ka ƙi fashin atisaye, ku ne. Ga koci can, usur a wuya, ba albashi, sai "Allah ya saka". In ƙafa ta gurɗe kuwa, masu ɗorin Aliero ba su yi nisa ba.

Wahala? Akwai ta, wa zai musa? Ƙura da rani, taɓo da damina, ƙwallo ɗaya ta sha faci har ta gaji. Amma shi Zaidun tsalle ɗaya ya yi? Ina! Sai da ya sha gumi a Mirandela, 'yar ƙaramar ƙungiya a arewacin Fotugal, ya koma Santa Clara a 2019, sannan Porto ta kira shi a 2020. Daga nan sai rigar Super Eagles, har wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan cikin Fabrairun 2024.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: ba ma rubuta tarihinmu. Ku sayi littafi, ku sa shekarar kafuwar ƙungiyarku, da sunan duk wanda ya yi karo-karo, da kowane yaro da ya taka leda. Sannan a hura ƙwallo, a shata layi da toka, la'asar ta yi. A fita fili!