Wakafin Ilmi da Manhajar Kwamfuta

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa wanda ya haƙa rijiya ya bar ta wakafi yana samun lada muddin ana sha, amma ba su haramta wa ɗan garuwa kuɗin guminsa ba. A kan wannan ƙa'ida kuwa, a ganina, ya kamata a auna mas'alar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato wadda ake saye kamar Windows, da wadda aka bari kyauta kamar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, aka buɗe asirin gininta ga duk mai son karantawa da gyarawa da rabawa.

Ko manhajar kyautar ta wadatar? Manomin auduga da ke tambayar farashi a Funtuwa da wayar Android, a kan Linux yake tafiya ko bai sani ba. Shubuhar tana shagon buga takardu na Malumfashi, inda sau da yawa Windows ɗin kofi ne da ba a biya haƙƙinsa ba, alhali LibreOffice, wanda shi ma kyauta ne kuma yana aiki a kan Linux, yana rubuta wasiƙa da lissafin buhunan masara ba tare da wani zunubi ba, kuma tsohuwar na'ura tana ɗaukar Linux, musamman da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025.

Mai zana katin biki da CorelDRAW yana da uzuri, domin a yanzu ba a yin sa don Linux, sai ya saya da halaliyarsa. Sauranmu kuwa hujjar larurar amfani da kofi ta faɗi.