Mutumin da Ke Kwance a Bakin Ƙofa

Duk ranar Lahadi, tun kafin a buga ƙararrawar sujada ta farko, akwai waɗanda sukan riga kowa isa manyan majami'un Jos, Kaduna da Abuja. Ba ciki suke shiga ba. Gindin katanga suke zama: makaho da yaron da ke masa jagora, gurgu a kan kekensa, mace da goyo a baya da wani ɗan a hannu. Idan aka tashi, wasu masu bi kan jefa naira 50 a kwano ba tare da sun rage sauri ba, wasu kuma su ce “Allah ya ba da haƙuri” su wuce. A cikin mota, kan hanyar gida, sai a buɗe shari'a. Maigida ya ce matar nan hayar yaran ta ɗauko, uwargida ta ce ko ma dai yaya ne, yaro ba ya ƙaryar yunwa. 'Ya'yansu na zaune a baya suna saurare, kuma a nan suke koyon irin idon da ake kallon matalauci da shi.

Zargin maigida ba duka ne ƙarya ba. Akwai masu sa nakasasshe a gaba su ci da wahalarsa, har dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta haramta amfani da su wajen bara. Akwai kuma mai tsabtar riga da ke ba da labarin kuɗin mota ɗaya a tasha ɗaya shekara da shekaru. Wanda aka taɓa yaudara ba laifi ba ne idan ya yi hattara.

Gwamnatoci sun ɗauki wannan zargi sun mai da shi doka. A watan Yuli 2013, jami'an jihar Legas suka kwashi wasu marasa galihu a mota suka sauke su a Onitsha kafin gari ya waye, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har gwamnan ya nemi gafara daga baya. A Yuli 2015, bayan harin bam a Sabon Garin Zariya, gwamnatin Kaduna ta hana bara da talla a kan tituna, makafi da guragu suka fito zanga-zanga suna tambayar abin da za su ci. A Oktoba 2024 ministan Abuja ya ba mabarata wa'adi su bar birnin. Kowane karo mutane da yawa sukan yi na'am, cikinsu har da masu bi, domin titi ya yi kyau. Ba a cika tambayar inda aka kai su ba, bayan 'yan watanni kuwa sai a gan su sun dawo.

Idan aka duba da kyau, motar kwashe mabarata da naira 50 da aka jefa a guje aiki ɗaya suke yi. Dukansu suna kawar da mutumin daga gaban ido. Ɗaya tana kai shi bayan gari, ɗaya tana sayen hanyar wucewa da lamiri a kwance.

Misalin da Yesu ya bayar a Luka 16 ya taɓa wannan wuri daidai. Littafi Mai Tsarki bai ce mai arzikin nan ya kori Li'azaru ba, bai ce ya zage shi ko ya sa bayi su doke shi ba. Ya bar shi a ƙofar gidansa, abin da gwamnatocin da aka ambata ba su ma yarda da shi ba. Har sunansa ya sani, gama da ya hango shi a wurin Ibrahim, da sunan ya ambace shi. Amma yaushe ya ambata? Sai lokacin da yake so a aike shi ya kawo masa ɗigon ruwa. Muddin suna duniya, ƙofa ce tsakaninsu, mai gidan yana shiga yana fita, ɗayan yana kwance karnuka suna lasar gyambunansa. Laifin mai arziki shi ne ya saba da ganinsa har ya zama masa kamar dakalin ƙofa.

A Ayyukan Manzanni 3 akwai wani mai zama a bakin ƙofa, gurgu tun haihuwa, wanda ya haura shekara 40. Kullum ana ɗauko shi a ajiye a ƙofar Haikali, masu sujada duka sun san fuskarsa. Bitrus ba shi da kuɗi a ranar. Abin da ya fara yi shi ne ya tsaya, ya zuba masa ido, ya kuma bukaci mutumin ya dube su shi da Yahaya. Sa'an nan ya kama hannunsa na dama. Akan yi wa'azi sosai a kan warkarwar, kuma ya dace. Abin da akan tsallake shi ne ƙarshen labarin: mutumin ya shiga Haikali tare da su.

Wani zai ce, ai Bulus ma ya umarci Tasalonikawa kada su ciyar da wanda ya ƙi aiki. Gaskiya ne, kuma wannan aya ta fi kowace yawo a bakin masu ƙin bayarwa. Sai dai Bulus ya rubuta ta ne ga ikilisiyar da ya zauna a cikinta yana aiki da hannunsa, game da 'yan'uwan da kowa ya san gidajensu da ƙarfin jikinsu. Haka kuma a 1 Timoti 5 ya shimfiɗa ƙa'idar sa gwauraye a jerin masu karɓar taimako: a duba shekaru, a duba hali, a duba ko akwai 'ya'ya da jikokin da nauyin ya rataya a wuyansu. Ikilisiyar farko ta tantance, babu shakka. Amma ta tantance mutanen da ta sani, bayan ta riga ta ɗauki nauyin ciyarwa, har ta keɓe mutum bakwai domin rabon abinci lokacin da aka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayen masu jin Helenanci. Wanda ya ɗauki ayar Bulus ya yanke wa baƙo hukunci ta gilashin mota cikin daƙiƙa goma ya ɗauki ikon alƙali ba tare da ya saurari ƙara ba. Yana da 'yanci ya bayar ko ya hana, gama aljihunsa ne. Abin da ba shi da shi shi ne sanin da zai sa ya kira mutumin malalaci a gaban 'ya'yansa.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun daga 2014. A watan Agusta na shekarar 'yan Boko Haram suka kama Gwoza, a ƙarshen Oktoba suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi kusa da Mubi. Dubban iyalai suka watsu zuwa Yola, Jos da Abuja, wasu suka kafa bukkokin leda a Durumi. Haka mutanen ƙauyukan Filato, Binuwai da kudancin Kaduna da hare-hare suka kora. Waɗannan manoma ne masu rumbu, waɗanda a da su ne ke auna wa mabaraci hatsi. A cikin masu kwana a kangon gini yau ana iya samun dattijon ikilisiya ko shugabar Zumuntar Mata. Mutumin da bai saba roƙo ba yakan yi shi da kunya da in-ina, sai a ɗauka ƙarya yake yi, gwanin bara kuwa ya samu.

Game da tallafin gwamnati ma ra'ayin jama'a haka yake tangaɗi. Da aka ƙaddamar da shirin ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata a 2016, wasu suka ce za a koya wa mutane zaman banza, alhali kuɗin ba su kai naira 200 a rana ba. Da aka dakatar da shirye-shiryen tallafi na wani lokaci a Janairu 2024 saboda zargin karkatar da kuɗi, ba mabarata ake zargi ba. Shari'ar Musa ba ta ɗauki rabon matalauci a matsayin alfarma ba. A Littafin Firistoci 19 an hana manomi girbe gefen gonarsa da komawa tsince abin da ya zube, domin wannan na matalauci ne da baƙo. Rut ta shiga gonar Bo'aza ta yi kala da guminta, ba ta miƙa kwano ba. Shi ma Bo'aza, da ya gan ta, tambaya ya yi ko 'yar wane gida ce.

Ikilisiyoyin ƙasar nan sun taɓa yin irin wannan aiki. A 1929 mishan ta buɗe wurin jiyyar kutare a Garkida, a 1953 aka kafa makarantar makafi a Gindiri, inda yaran da jama'a ta riga ta rubuta musu bara suka koyi karatu da yatsu da sana'a. Majami'un da suka gaji wannan tarihi sun fi na wancan zamani girma da kuɗi nesa ba kusa ba. Da yawansu suna da kwamitin gini, kwamitin bukukuwa, da littafin da ake rubuta sunan duk wanda ya yi alkawarin buhun siminti. Kaɗan ne ke da littafin da aka rubuta sunayen mutum shida ko bakwai da ke zama a gindin katangarsu kowane mako, da garin da suka fito, da inda suke kwana. Dokar 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shigar masu keken guragu, wa'adin ya cika a Janairu 2024. A majami'u da dama har yanzu matakala ce tun daga ƙasa har bakin ƙofa.