Baƙin Murabba'i da Allon Sauka

A watan Disamba na 1915, a birnin Petrograd na ƙasar Rasha, wani mai zane, Kazimir Malevich, ya baje wani aikinsa wanda babu mutum a cikinsa, babu bishiya, babu dabba. Baƙin murabba'i ne kawai a kan farin ƙyalle. Da yawanmu idan muka ga hotonsa a waya sai mu ce ai ko yaro ma zai iya. Gaskiya ne. Mu da ke rubuta manhaja, da 'yan layuka za mu sa kwamfuta ta fitar da dubunsa, kowanne ya fi nasa daidaito.

To me ya sa ya tayar da ƙura? Wurin da ya rataye shi. Can sama ya ɗora shi a kusurwar ɗaki, inda Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan Yesu da waliyyansu. Wasu sun ɗauki hakan cin mutunci. Shi kuwa yana neman zanen da ya daina kwaikwayon kayan duniya, ya nuna abin da ba shi da fuska. Da ya rasu a 1935, wannan alamar aka sa a kabarinsa.

Kafin mu yi masa dariya, mu tuna zayyanar allon sauka. Ita ma layuka ce da kusurwoyi da da'irori, ja da kore da rawaya, ba ta kwaikwayon komai. Amma ba mu taɓa cewa ko yaro zai iya ba, domin mun san abin da ke bayanta: shekarun tilawa, sanyin asuba, haƙurin malam, da hawayen uwa ranar walima. Baƙon da bai san wannan ba, ado kawai zai gani, kamar yadda mu ma baƙin fenti kawai muke gani a aikin Malevich.

Ashe siffa ita kaɗai ba ta ɗauke da ruhi. Jama'a ne ke ba ta, ta wurin da suka ajiye ta da wahalar da suka sha a kanta. Nan ne abin tsoron yake. Ranar da 'ya'yanmu suka tashi suna ganin zayyana a jikin riga da bangon waya, ba wanda ya faɗa musu daga inda ta fito, su ma za su ce ai ko yaro zai iya. Laifin kuwa ba nasu ba ne.