Ko Sadaka Na Gudana a Kan Sunan Haya?

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, ina zaune a inuwar wani shago daura da Ƙofar Doka ta Zariya, ina kallon jama'a suna ta kai da komo tsakanin birni da Tudun Wada, sai ga ɗan wani aminina, saurayi mai ladabi wanda sana'arsa gina wa mutane shafukan intanet, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce yana tafe da wata mas'ala da ta hana shi sakat. Shi da abokan karatunsa sun shekara uku suna naɗar karatun malaminsu na zaure, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da tafsirin watan azumi, suka tsara shi babi babi, suka ɗora a wani shafi da suka yi wa rajista da sunan malamin, kowannensu kuwa ya ƙudurta a ransa cewa sadaka ce mai gudana. "To amma, Baba," in ji shi, "ni ne na san cikin abin. Sunan nan haya muke yi, shekara shekara, da katin bankina. Ran da na kwanta dama wa zai biya? In kuwa ba a biya ba, ina gudanar take?"

Ban amsa masa nan take ba, domin malamanmu sun hore mu da cewa hukunci a kan abu ba ya inganta sai bayan an san haƙiƙarsa, saboda haka na nemi ya warware mini yadda abin yake, na kuma bi sawun maganarsa da nawa binciken. Abin da na fahimta shi ne, karatun da suka naɗa yana ajiye ne a cikin wata na'ura da ba a kashewa dare da rana, a gidan wani kamfani, wataƙila a Legas, wataƙila a Jamus ko Amurka, kuma matsayin kamfanin nan daidai yake da na fatoma a zamanin fatauci, wanda ke sauke baƙo, ya ba shi ɗaki, ya tsare masa kaya, muddin ana biyansa. Ita na'urar kuwa lamba ce adireshinta, jerin alƙaluma da kan ɗan Adam ba ya iya riƙewa, shi ya sa a shekarar 1983 wani masani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya ƙago tsarin da zai sa mutum ya rubuta suna, na'urori su tambayi junansu daga babba zuwa ƙarami har su gano lambar da sunan ke nufi. Wanda ya saba da ajami ba zai sha wuya ba wajen gane tsarin, gama daga dama ake karanta shi: a cikin abu.edu.ng, sunan Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, ng ita ce ƙasa, edu rukunin makarantu, abu kuma gidan da ake nufi, kamar dai mai kwatance ya ce Zazzau, birni, Unguwar Juma, gidan wane.

A nan ne tunanina ya tsaya, domin na ga tsohuwar mas'alar malaman tauhidi ta dawo da sabuwar riga, wato maganar isimi da musamma, ko suna shi ne ainihin mai sunan ko waninsa ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya buɗe littafinsa na sharhin kyawawan sunayen Allah da wannan bahasi, inda ya rarrabe tsakanin sunan, da abin da aka sa wa sunan, da aikin sa sunan. Mu talakawa ba mu cika jin nauyin wannan rarrabewa ba, saboda sunayen da muka gada sun manne da masu su. Dubi wannan ƙofa da muke zaune gabanta. Ganuwa ta zaizaye, an gina gidaje inda da badala take, ƙofar kanta an sake gininta, hanya ta faɗaɗa, amma duk wanda ya sauka a tasha ya ce a kai shi Ƙofar Doka, nan za a kawo shi, ba Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ba, alhali babu wani kundi da ake biya wa kuɗi kowace shekara domin sunan ya zauna a wurinsa. Abin da ya riƙe shi tawaturi ne, bakin dubban mutane, kaka ya faɗa wa jika, har ya zama haɗuwarsu a kan ƙarya ba ta yiwuwa. Sunan intanet kuwa igiyar da ta ɗaure shi da mai shi layi ɗaya ce tak a cikin rajista, kuma duk wanda mabuɗin rajistar ke hannunsa yana iya kwance ta da dare ya ɗaura wa wani abu dabam, gari ya waye mutane su rubuta sunan da suka sani su faɗa gidan da ba su sani ba.

Bari in ɗan ratse, don abin yana damuna. Asalin tsarin baƙaƙen Turanci 26 kaɗai ya sani, da alƙaluma, da ɗan karan tsakiya, don haka baƙaƙenmu masu ƙugiya, waɗanda littattafan Hukumar Talifi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suka saba mana da su daga nan Zariya, ba su sami wuri ba. Daga baya an buɗe hanya ga sauran rubuce-rubuce, har a 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami sunayen ƙasashensu da baƙin Larabci, amma mu har yau yawancinmu kofa muke rubutawa a maimakon ƙofa, baki a maimakon baƙi, muna barin mai karatu ya yi ta kintace.

Mu koma kan haya. Kalmar saye da ake amfani da ita a kasuwar sunayen intanet majazi ce, gama abin da ke faruwa a haƙiƙa ijara ce. Mutum yakan je wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya kuɗin shekara, a rubuta sunansa a rajista. Idan sunan mai ƙarewa da com ne, ba a yarda ya biya na fiye da shekara 10 a gaba ba, kome dukiyarsa. Kafin wa'adi ya cika ana aika masa da tunatarwa ta imel, wadda in mai ita ya rasu babu mai buɗewa. Bayan cikar wa'adi akwai rangwamen kwanaki da ba sa wuce 45, sai wasu 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai biyar na jiran shafewa, daga nan sunan ya koma kasuwa, wanda ya riga kowa shi ke ɗauka. Kada a zaci masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ke yin sake: a ƙarshen 1999 kamfanin Microsoft da kansa ya manta da biyan hayar ɗaya daga cikin sunayen da masu imel ɗinsa ke bi su shiga, sai wani bawan Allah daga waje ya biya masa dala 35. Shi ma fatoman, wato kamfanin da ke ajiye shafin, ba dawwamamme ba ne. A 2009 Yahoo ta rufe GeoCities, masaukin miliyoyin shafuka; a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani gidan na'urori na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba suka yi hasarar da ba ta mayuwa. Cibiyar bincike ta Pew kuma ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma.

Idan na kwatanta wannan da gafakar kakanninmu sai jikina ya yi sanyi. Littafin da wani malami na Unguwar Kona ya kwafa da alƙalamin kara da tawada, ko da magada sun manta da shi a lungun ɗaki shekara hamsin, in dai gara da yayyo sun ƙyale shi, ranar da jika mai himma ya buɗe zai tarar da shi yadda aka bar shi, kuma irin waɗannan ne masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi gida gida suna ɗaukar hotonsu tun daga 1964. Takarda tana jure mantuwa. Shafin intanet yana isa Makka da Kumasi da Kartum cikin ƙiftawar ido, abin da gafaka ba ta taɓa yi ba, amma mantuwar shekara guda ta isa ta kashe shi.

To, shin ana yin hubusi, wato wakafi, da abin da wannan ce siffarsa? Asalin babin shi ne gonar da Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya samu a Haibara, wadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shawarce shi da ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, shi kuwa ya shardanta kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada. Wanda ya tsaya a zahirin wannan zai ce sunan haya ba ya hubusantuwa, tun da babu wani asali da za a tsare. Amma mazhabarmu ta Imamu Maliku tana da yalwa a nan, domin a wurinmu dawwama ba sharaɗi ba ce, kuma Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan tun kafin a haifi kakanninmu, ya inganta wakafin amfanin abin da aka yi haya gwargwadon muddar hayar. Saboda haka ina ganin, kuma malamai su ne abin komawa, cewa aikin yaran nan ya shiga babin, sai dai tsawon gudanarsa daidai yake da tsawon biyan hayar.

Wurin da abin ya fi ba ni mamaki shi ne sharaɗin hauzi. Fukaha'unmu sun ce hubusi ba ya cika sai ya fita daga hannun mai yin sa ya shiga hannun wani tun yana da rai da lafiya, in kuwa mutuwa ko cutar ajali ko tsiyacewa ta riske shi abin yana hannunsa, to ya ɓaci, ya koma cikin dukiyarsa. Har ma sun ce idan ya shardanta shi kansa ne zai zama naziri, wato mai kulawa, wakafin bai inganta ba. Da ina yaro nakan ga tsananin wannan hukunci. Yanzu da na ji saurayin nan yana cewa rajista da sunansa take, imel nasa ne, katin banki nasa ne, kalmar sirri kuma a kansa kaɗai take, sai na gane illar da magabata suka hango: alherin da ya rataya ga numfashin mutum ɗaya bai riga ya zama na jama'a ba. Sayyidina Umar da kansa ya yi wasiyyar kulawar wakafinsa ga 'yarsa Hafsatu, ya kuma halatta wa mai kulawa ya ci daga amfaninsa bisa ma'arufi, wanda ke nuna cewa biyan ladan mai gyaran shafi daga dukiyar wakafi ba abin kunya ba ne.

Mai musu zai iya cewa, ai lada yana bin niyya, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya ambaci ilmi mai amfani daban da sadaka mai gudana, don haka ko shafin ya mutu gobe, wanda ya koyi farillan alwala a cikinsa jiya zai koya wa 'ya'yansa, ladan bai yanke ba. Na yarda da wannan ƙwarai, kuma ba ni da ikon ƙuntata falalar Ubangiji. Sai dai akwai wata fuska da mai musun bai duba ba. Shafin da ya mutu ba ya zama kango kawai. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da hayarsu ta ƙare, musamman waɗanda jama'a suka saba ziyarta, su saye su cika su da tallan caca da abin da baki ba ya faɗa. Ka ƙaddara wata baiwar Allah a Maraɗi, wadda ta saba sauraron tafsirin malamin nan, ta rubuta sunansa yadda ta saba, ta tarar da wannan ƙazanta a ƙarƙashinsa. Mutuncin malami amana ne a wuyan almajiransa, kuma wanda ya kai sunan malaminsa kasuwar da ake gwanjon sunaye ya ɗauki wani taklifi da bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Su kansu waɗanda suka kafa tsarin sun fahimci haka. Jon Postel, wanda ya riƙe babban kundin sunayen har rasuwarsa a 1998, shekarar da aka kafa hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet a Kalifoniya, ya rubuta a 1994 cewa mai riƙe da sunan ƙasa amintacce ne na al'umma, maganar da ta dace da shi ita ce hidima da nauyi, ba mallaka ba. Namu sunan ƙasar, ng, an buɗe shi a 1995 ta hannun Kwalejin Fasaha ta Yaba, ana gudanar da aikin na'urarsa daga Pisa ta Italiya, aka sha jayayya a kan wanda ya cancanci riƙe shi, har aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005, aka damƙa mata shi a hukumance a 2009. In sunan ƙasa sukutum ya buƙaci naziri tsayayye kafin ya natsu, ina ga sunan makarantar zaure?

Da muka sake haɗuwa da saurayin bayan mako biyu, a wuri ɗaya, na ce masa: "Ɗana, niyyarku ta yi kyau, saura hauzi." Na shawarce shi ya mayar da rajistar da sunan makarantar, ya buɗe mata imel nata, ya damƙa kalmar sirri ga dattawa biyu ko uku a gaban shaidu, a rubuta takarda a ajiye wurin liman, sa'an nan ya kwafe karatun duka a ajiye a gidaje dabam dabam, abin da ya rubutu kuma a buga shi a takarda.

Kirana yana ga attajiran Zazzau, waɗanda Allah ya hore musu, masu gina masallatai da haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu da alheri. Hayar shago guda a Tudun Wada ko Sabon Gari ta isa ta riƙe suna da masaukin shafuka masu yawa kowace shekara, har a sallami mai kula da su. Wanda ke da shago irin wannan, ya tsayar da shi hubusi a kan karatun malaman birnin nan, ya naɗa masa naziri, ya miƙa takardunsa tun yana da rai da lafiya.