Tsakanin Tawakkali da Sakaci

Malamai sun daɗe suna bahasi a kan iyakar da ta raba tawakkali da sakaci, amma ban ga waƙi'ar da ta fayyace mas'alar ba kamar ta watan Mayu na 2017, sa'ad da cutar kwamfuta WannaCry ta kutsa ta wata ɓaraka a manhajar Windows, ta kulle na'urorin asibitocin Ingila har aka ɗage tiyata, alhali kuwa Microsoft ya fitar da faci tun watan Maris. Ƙaddara gaskiya ce, babu ja. Sai dai wanda aka kawo wa ƙasar yaɓe wata biyu kafin damina, ya bar katangar marasa lafiya a tsage, a ganina amana ya tozarta.