Aikin Ikkilisiya, Na Wane Ne?

Ya ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya gare ka da iyalinka. In fasto ya kwanta ciwo ran Asabar da dare, wa zai buɗe Littafi Mai Tsarki a majami'arku ran Lahadi da safe? In ƙorama ta kawo da damina, hanya ta yanke, wa zai yi addu'a a bakin kabarin ɗan'uwanku? A ƙasarmu ta Adar, daga Badaguishiri zuwa Illela, daga Malbaza zuwa Birnin Konni, masu bi kaɗan ne, a warwatse kuma suke cikin ƙauyuka. Fasto ɗaya ba ya iya zuwa ko'ina. To, daidai ne mu ɗora wa mutum guda dukan kayan, mu kuwa mu zauna muna kallo?

Wannan ba sabuwar damuwa ba ce. A Littafin Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma. Ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'a kuma. Sai Musa ya zaɓi mutane masu tsoron Allah, ya sa su a kan dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. Musa bai ragu da kome ba saboda wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun annabi ne.

Mu ma haka bishara ta zauna a ƙasar nan. Mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Amma baƙo raɓa ne. Da ba a koya wa 'yan ƙasa karatu da wa'azi ba, da ba a kafa makarantar Littafi Mai Tsarki kamar ta Agye ba, da ikkilisiyar EERN ba ta tsaya da shugabanninta ba. Iyayenmu manoma ne da masu sana'a, aka ba su amana, suka riƙe. Mu fa, wa muke ba?

Laifin nan iri biyu ne. Na fari yana kan shugaba. Akwai dattijon da shi ke karatu, shi ke addu'a, shi ke ƙirga baiko, mabuɗin majami'a ma yana aljihunsa. A zuciyarsa yana cewa, in na koya wa wannan yaro, gobe zai ƙwace mini kujera. Ɗan'uwa, kujerar ba taka ba ce. Abin da ka sani wani ne ya koya maka kyauta. Bulus ya umarci Timoti ya danƙa koyarwar ga amintattun mutane waɗanda su ma za su koya wa waɗansu (2 Timoti 2:2). Wanda ya shiga kabari da saninsa ya ci amanar waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Na biyu yana kanmu, jama'a. Wani ya ce, ni ban yi boko ba. Ai majalisar Yahudawa ma ta ga Bitrus da Yohanna ba su da ilimi mai zurfi, amma ta gane sun zauna tare da Yesu. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ba sai ka ji Faransanci ba. Wata ta ce, ni mace ce. Ki duba Ayyukan Manzanni 18: Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja Afolos gefe, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah. Da rani samarinmu sukan tafi bida Abijan ko Nijeriya. Su wa suke saura a gida? Mata da tsofaffi da yara. In ba a koya wa mata ba, ikkilisiya takan yi barci har ruwan fari.

Wani zai ce, in an bar kowa ya taɓa aikin Ubangiji, za a ɓata shi. Gaskiya ne, akwai haɗari, domin haka ba gaggawa ake yi ba. Manomin albasar Galmi yakan reni iri tukuna, sai ya yi ƙarfi sa'an nan ya dasa. Haka kowane dattijo ya kamata ya zaɓi mutum biyu masu halin kirki. Da fari su bi shi gaishe da marasa lafiya, su gani. Daga baya ya ba su karatun nassi da addu'a. In sun yi ƙwari, ya bar su su bi da sujada yana zaune, ya yi musu gyara a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Baiko kuwa mutum biyu su riƙa ƙirgawa. Da rani a buɗe ajin karatu da dare, maza da mata. In aka ga mai baiwa, ikkilisiya ta haɗa hatsi ta tura shi makaranta da iyalinsa.

Kada mu ce sai gobe. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. A irin wannan rana, abin da ke cikin zuciyar masu bi ne kaɗai ke saura. Gidan da mai gida ya iya tara iyalinsa ya karanta musu Maganar Allah, wuta ba ta raba su da sujada.

Yau ka tambayi kanka. In kai shugaba ne, wa kake koya wa? In kai mai bi ne, wane kaya ka ɗauka? Ka je wurin fastonka cikin makon nan, ka ce, ga ni. Ubangiji ya ba mu tawali'un koyo da na koyarwa. Amin.