Bindiga a Ƙarƙashin Matashi

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani ɗan'uwa mai sayar da atamfa a kasuwar Asigame ya tsaya yana jirana a bakin ƙofa. A makon nan 'yan fashi biyu bisa babur suka tare shi da magariba a hanyar Agoe, suka ɗora masa bindiga a ƙirji, suka tafi da cinikinsa na kwana shida. Ya ce, "Malam Katekis, an yi mini tayin wata 'yar bindiga ƙirar maƙera. In na saya, na yi zunubi?" Na roƙe shi ya ba ni mako guda, gama tambaya irin wannan ba a amsa ta a tsaye.

Sai mu fara da abin da Ikkilisiya ta yarda da shi, domin mutane da yawa suna tsammani Kirista ba shi da ikon ɗaga hannu ko ana yanka 'ya'yansa. Ba haka ba ne. Littafin Katikisma na Ikkilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya koyar a sashe na 2263 zuwa 2265 cewa kare rai halal ne, har ma wajibi ne mai nauyi ga wanda aka ɗora wa amanar rayukan wasu. Amma akwai sharaɗi, wanda Waliyyi Toma na Akwino ya bayyana tun da daɗewa. Niyyar mutum ta zama tsirar da rai, ba kashe maharin ba, ƙarfin da ya yi amfani da shi kuwa kada ya wuce abin da tsira take bukata. To, ya mai karatu, dubi maganar ɗan'uwanmu da kyau. Ransa aka nema, ko kuɗin atamfa? Da bindigar tana aljihunsa a wannan magariba, ɗaya cikin biyu ne: ko ya riga su harbi ya kashe mutum saboda ciniki, ko su riga shi, matarsa ta shiga takaba.

Ga kuma abin da mai saye ba ya lissafawa. Fashi yakan zo sau ɗaya, amma bindiga kullum tana ɗaki. Tana nan ranar da ya yi faɗa da matarsa, tana nan ranar da yaro mai ƙiriniya ya ɗaga matashi, tana nan daren da ƙanensa ya dawo a makare ya haura katanga. Na sani Kayinu bai bukaci bindiga ba kafin ya kashe Habila, kuma masu cewa mugunta a zuciya take ba su yi ƙarya ba. Sai dai mai sanda yana da lokacin da zai huce tsakanin duka na fari da na biyu. Kunamar bindiga ba ta ba mutum wannan lokaci.

Saboda haka sashe na 2316 ya ce ƙera makamai da sayar da su abu ne da ya shafi lafiyar jama'a duka, hukuma kuwa tana da iko, tana da alhakin sa musu ƙa'ida. A nan ne ɗan'uwanmu ya yi dariya mai ɗaci da na koma masa da amsa. Ya ce, "Malam, wace hukuma?" Ban ga laifinsa ba. Mutanen Lome ba su manta da 25 ga Janairu 1993 ba, ranar da jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Fréau Jardin, har jama'a dubbai suka tsere Gana da Binin. Ba su manta da 2005 ba, bayan mutuwar Shugaba Eyadema, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta an kashe mutum 400 zuwa 500. Wanda ya ga haka, da wuya ka ce masa ya bar makami a hannun gwamnati kaɗai ya kwanta barci.

Amma ni dai ban ga yadda bindigar maƙera a kowane gida za ta gyara wannan ba. Abin da Ikkilisiya ta yi shi ne ta tsaya gaban mai iko ta ce a yi bayani. Bishop Nicodème Barrigah ya shugabanci hukumar gaskiya da adalci da sulhu daga 2009 zuwa 2012, ya saurari waɗanda aka zalunta. Aikin bai share dukan hawaye ba, wannan gaskiya ne. Ƙasashen Afirka ta Yamma kuma sun sa hannu a Abuja a 1998 kan dakatar da shigo da ƙananan makamai, suka mai da shi yarjejeniya a 2006. A Tumbutu, a watan Maris 1996, an tara bindigogi wajen 3,000 na 'yan tawaye aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Abin mamaki, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance ɗamara a Afirka yana nan cikin Lome tun 1986, amma 'yan Zongo kaɗan ne suka taɓa jin labarinsa.

Dole kuma in faɗi wadda ba ta da daɗi. Mu da muke kuka da 'yan fashi, mu ne in an yi ihun ɓarawo muke rugawa da duwatsu da taya da fetur. Wanda aka kama aka ɗaure ba ya barazana ga ran kowa, saboda haka babu sauran maganar kare kai. Kisa ne kawai. Togo ta soke hukuncin kisa a 2009, alƙali ma ba ya yanke shi, balle taron 'yan kallo. Na ga Kirista a irin wannan taro, da gicciye a wuyansa.

Abin da na faɗa wa ɗan'uwanmu ke nan: tsoronsa ba zunubi ba ne, son kare iyalinsa kuma abin yabo ne, amma sayen bindiga a ɓoye ba tare da takardar izini ba karya doka ce mai adalci, kuma kuɗinsa zai shiga hannun wanda yake sayar wa 'yan fashin. Na ba shi shawara ya daina tafiya da ciniki a jiki, ya kai rahoto, ya shiga sintirin dare da maƙwabtanmu Musulmi suke yi da fitila da usur. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara da uwargida. Lahadin da ta biyo ya zo sujada, ya gaishe ni, bai ɗauko zancen ba, ni ma ban tambaye shi ba.